Ranar da Na Yi Ta Neman Mai Abinci a Filin Jirgi

Akwai abubuwa da yawa da suka shige mini a rayuwa waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma wunin da muka yi da surukata a filin jirgin saman Misira, ina jin har na koma ga Mahaliccina ba zai bar kaina ba. Wani lokaci ina tsaka da tuƙa tuwo abin zai faɗo mini, na ajiye muciya na yi ta dariya ni kaɗai, har yara su leƙo su ga ko lafiya.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, soja na kan mulki, muna zaune a Tudun Wada cikin Gusau. Ni haifaffiyar Tsafe ce, aure ya kai ni Gusau. Maigidana, Alhaji, yana sayar da kayan injin niƙa da na ban ruwa, kuma a lokacin ya fara fita waje saro kaya. A irin fitar nan ne wani banki na can ya ba shi kati, ya haɗa masa da wani katin daban wanda ya ce ana shiga falon hutu da shi a manyan filayen jirgi, inda matafiyi zai zauna ya sarara kafin jirginsa ya tashi. Ba na mantawa da yadda yake fito da katin nan yana goge shi da bakin riga. Ni kuwa da na ji labari sai na ɗauka da ni aka ba.

Shekarar ce ya yi niyyar kai mahaifiyarsa Umra. Inna muke ce mata, tana zaune wani ƙauye a bayan Bungudu, kuma ko motar Kano ba ta taɓa shiga ba. Tana da ciwon suga, don haka aka ce sai da mace a kusa da ita, aka zaɓe ni. Kafin mu tashi muka kai ta wurin likita, ya dube ni ya ce, "Hajiya, abu ɗaya zan roƙe ki. In ta sha ƙwayar nan da safe, kada ki bari ta zauna da yunwa. In kika ga gumi da rawar hannu, ki ba ta wani abu nan take." Na ce masa kada ya damu, ai na yi sakandare. Har yau ban san abin da ya haɗa sakandare da maganar ba.

Gaskiya a lokacin ina ji da kaina. A cikin matan gidansu ni kaɗai ke karanta Turanci, kuma na ɗauki tafiyar nan a matsayin ranar da ilimina zai yi amfani. Na sayi takalmi mai tsini wanda ban iya tafiya da shi ba. Wayewar da nake ji da ita ce ma ta jawo matsala ta farko. Inna ta haɗo guzurinta a ƙullin zane, ƙuli-ƙuli da dakuwa da soyayyen nama, ni kuma na ga ba zai yi kyau a riƙa jin ƙanshinsu a cikin jirgi ba, sai na lallaba na cusa ƙullin cikin babbar jakar da za a sa a ƙasan jirgi. Jakar kuwa ba za mu sake ganinta ba sai Jidda.

Daga Kano muka tashi, muka sauka Misira da hantsi, inda za mu jira wani jirgin har wajen la'asar. A jirgin farko an kawo abinci, Inna ta buɗe ta leƙa ta rufe, ta ce ba ta san wanda ya yanka naman ba. Ƙwayarta dai ta sha da ruwa, don wannan na tsaya a kai sosai, ina jin kaina kamar malamar asibiti.

Da muka sauka Alhaji ya ja mu ta wani lungu, ya miƙa katinsa ga wata mata a bayan tebur, ta duba, ta rubuta, ta yi murmushi, sai ga mu a wani falo da ban taɓa ganin irinsa ba. Kafet mai laushi har tsinin takalmina yana nutsewa, kujeru manya, sanyi, shiru kamar ba a filin jirgi ba. Daga gefe guda kuma ga dogon tebur shaƙe da abinci: burodi kala-kala, dafaffen ƙwai, dabino, kindirmo a ƙananan kofuna, 'ya'yan itace, ga tukunyar shayi tana tururi. Alhaji bai ko zauna ba aka ce masa akwai gyara a tikitin Inna na jirgi na biyu, sai ya je wani ofis can nesa. Ya ɗauki takardu a gurguje ya ce, "Ku zauna nan, ku ci abin da kuke so, yanzu zan dawo." Ya fita. Wannan yanzun ta kai mu har bayan azahar.

Inna ta ƙi kujera, ta shimfiɗa mayafinta a kan kafet ta zauna ta jingina da bango, ta fito da carbi. Ni na zauna a bakin kujera, na ɗora ƙafa kan ƙafa yadda na ga wata mata ta yi, ina kallon mutane. Abin da na lura da shi shi ne kowa tashi yake ya je teburin nan, ya ɗebi abin da ya ga dama, ya dawo ya zauna. Ba mai ce wa kowa bismillah, ba mai cewa an gode. Na ga wani ya ɗebi ƙwai ya ci rabi ya bar rabi. A raina na ce ikon Allah, su waɗannan ba a koya musu komai ba a gida.

Can na waiga sai na ga goshin Inna ya fara naso, a cikin wannan sanyin. Na cire takalmi, na je na ɗauki faranti, na zuba burodi da ƙwai da dabino, na haɗa shayi mai madara, na kawo na durƙusa gabanta na ajiye kamar yadda nake yi in ta zo Gusau. Na juya zan ba ta wuri, don ban taɓa tsayawa ina kallo tana ci ba.

Sai ta ce, "Ke 'yar Tsafe." Haka take kirana tun ina amarya. "Wa ya aiko da shi?"

Na ce, "Inna, ba kowa. Can na ɗebo."

"Kin ɗebo? Wa yac ce ki ɗebo?"

"Ai Alhaji ya ce mu ci abin da muke so."

Ta dube ni tsaf. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Shi wancan, shi ad da gidan? Shi ya dafa? Shi ma baƙo na kamar mu. Ina kan hanyar Ɗakin Allah za ki sa mini abincin mutane a ciki ba da izininsu ba? In je in ɗaga hannu da mi? Mai da musu."

Na yi bayani iya ƙoƙarina. Na ce katin ne izini, duk wanda ya shigo da kati an yarda ya ci. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda kati ya yi wa mutum tayi ba, in masu abu suna son a ci suna da baki. Ta tura farantin gefe da bayan hannu, sai na ga carbin yana kaɗawa a yatsunta. Rawar hannun da likita ya faɗa ce ta fara.

Wanda bai san irin su Inna ba zai ce taurin kai ne. Ba haka ba ne. Matar nan ta shekara tana ƙirga kwanakin tafiyar nan, tana da addu'o'in da ta tanada, na mamatanta da na masu rai, kuma ta yi imani loma ɗaya ta shubuha za ta iya tare su. Da ta ci abin da take shakka, gara mata ta faɗi. Ni kuma na san faɗuwar tana nan tafe in ban yi wani abu ba, amanarta kuma a wuyana take. Sai na ce, "To Inna, bari na nemo mai gidan."

Ta ce, "Yawwa. Da haka kinka fara."

Na miƙe na ƙare wa falon kallo, na shiga aiki da basirar da nake taƙama da ita. Matar bakin ƙofa na cire ta, don na ga aiki take. Masu kwashe faranti ma haka. Sai idona ya faɗa kan wani dattijo mai furfura da ƙaton tumbi, can kusa da taga. Ya cire takalmansa, ya miƙe ƙafafu a kan wata kujerar, ya kwance ɗamarar wandonsa, yana gyangyaɗi har da ɗan minshari. Ɗazu kuma na ga ya ɗaga yatsa ɗaya kawai aka kawo masa shayi. Na ce shi ke nan, na gano shi. A duniya wa zai yi irin wannan kwanciya a falo in ba mai falon ba?

Na je na durƙusa a gefensa, ba takalmi, na yi gyaran murya har ya buɗe ido. Sai na kwaso Turancina na makaranta na fara gaishe shi yadda ake gaida mai gida. Na tambaye shi gajiya, na tambaye shi iyali, na tambaye shi aiki, na yi masa sannu da hidima da jama'a. Bawan Allah ya sauke ƙafafunsa a hankali yana kallona, yana waige ko da wani nake. Sannan na ce mun gode da saukar da ya yi mana, gidansa ya yi kyau, ina neman alfarma ya zo ya ce wa mahaifiyata ta ci abincinsa.

Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya laluba aljihu ya fito da kati, irin na Alhaji sak, har launin, ya haɗa da tikitinsa ya nuna mini. Ya ce shi ma jirgi yake jira, gidansa yana wata ƙasa mai nisa, kuma da abincin nan nasa ne da ya sa an ƙara gishiri a ƙwan. Wasu mutum biyu da ke kusa suka ɓoye fuska a bayan jarida. Ni kuwa ina durƙushe, na rasa ta inda ake tashi.

Ba zan ɓoye muku ba, a daidai wannan lokaci wani tunani ya zo mini. Ga mutum mai furfura, ga tumbi, ga fara'a. In na ja shi gaban Inna na ce shi ne mai gida, ba ta jin yarensa, ba ya jin nata, za ta ci, magana ta ƙare. Har na buɗe baki zan roƙe shi. Sai na tuna ni ma Ɗakin Allah zan je na ɗaga hannu, kuma in ta ci a kan ƙaryata, abin da take gudu ne na ɗura mata da hannuna. Na ba shi haƙuri na miƙe.

Na waiga wurin Inna, sai na ga ta daina jan carbin, ta kwantar da kai jikin bango, idonta a lumshe. Nan duk wata wayewa ta zube. Na ruga wurin matar bakin ƙofa, wadda da ita ya kamata na fara tun da hantsi. Turancin da na yi ta tanadi tun daga Gusau ya watse, ya koma kalma ɗaya-ɗaya, hawaye na cike gurbin sauran. Na ce uwa, ba lafiya, suga, ba za ta ci ba sai mai abinci ya ce ta ci. Na ce ina mai shi?

Ta ce ai babu wani mutum guda, na kamfani ne, kuma duk namu ne, mu ci kawai. Na ce na sani, ni na gane, ita ce ba za ta karɓa ba. Ta yaya zan je na ce wa Inna kamfani ya ce ta ci? Cewa za ta yi a kira shi. Matar ta leƙa ta hango tsohuwa a ƙasa jikin bango, ta daɗe tana kallonta. Sai ta ce ita ma tana da kaka a ƙauye. Na ce mata, yau wa aka bar wa wurin nan? Ta dafa ƙirji ta ce ita. Na ce to, ki taimake ni don Allah, ki zo ki faɗa mata da bakinki.

Ta bar teburinta ta biyo ni. Ta ɗauki sabon faranti da kanta, ta zuba dabino da burodi da dafaffen ƙwai da kindirmo, ta zuba shayi ta sa sukari. Siket ɗinta matsattse ne, durƙuson ya yi mata wuya, amma haka ta dafa kujera ta sauka har ƙasa, ta ajiye farantin gaban Inna, ta taɓa gwiwarta ta ce, "Bismillah, ya Hajja."

Inna ta buɗe ido. Wannan kalmar dai ba ta bukatar tafinta. Ta dube ta, ta dube ni, murya can ƙasa ta ce, "Ita ad da gidan?"

Na ce, "Wakiliyar masu gidan ce, Inna. Ita aka bar wa komai yau." Na ji daɗin yadda maganar ta fita daga bakina ba ƙarya a ciki.

Ta ce, "To madalla." Na ɗauka hannu za ta sa. Ina! Sai ta gyara zama ta fara gaisuwa. "Tambaye ta mutan gida. Tambaye ta ko uwatta na da rai. Tana da aure? Ɗiya nawa?" Ni ina fassarawa ina kallon hannunta yana rawa, ina cewa, "Inna, don Allah ki sa ko dabino ɗaya tukuna." Ta ce, "Ke, a ci abincin mutum ba a gaishe shi ba? Haka aka yi a Tsafe?" Sai da ta ji matar tana da 'ya'ya, ta sa musu albarka, sannan ta ɗauki dabino ta kai baki.

Ban taɓa kallon mutum yana tauna da irin wannan farin ciki ba. Ta ci dabino, ta tsoma burodi a shayi, ta shanye kindirmon har tana kankare kofin. A hankali gumin ya bushe, idonta ya washe, muryarta ta dawo. Matar ta koma bakin aikinta tana share ido. Ni kuma na ja jiki zan koma bayan wata tukunyar fure na zauna, don sai a lokacin na tuna ni ma rabona da abinci tun Kano.

"'Yar Tsafe. Ke mi kinka ci?"

Na ce na ƙoshi. Cikina ya zaɓi wannan lokacin ya yi ƙugi.

Ta matso da farantin tsakaninmu ta ce, "Zo ki sa hannu."

Na ce, "Haba Inna." Tun da aka kai ni gidansu ban taɓa ko shan ruwa a gabanta ba. In ta zo Gusau, a madafa nake cin abincina a tsaye.

Ta ce, "Bar kunyag ga, nan ba Bungudu ba ta. Ba mai ganinmu sai Allah sai wancan mai minshari da kinka je gaisarwa." Ashe duk ta gani. Ta ɓare ƙwai da hannunta ta raba biyu ta miƙo mini rabi. Na karɓa kaina a ƙasa, ina ci ina dariya ina hawaye, ita kuma tana cewa na ƙaro burodin nan mai zaƙi tunda an riga an yi mana izini.

A haka Alhaji ya dawo ya same mu, matarsa da mahaifiyarsa a ƙasa a kan kafet, hannu cikin faranti ɗaya. Ya tsaya cak. Sai ya juya a hankali ya je can nesa ya ɗauki wata jaridar Larabci ya rufe fuska, alhali ba jin Larabcin jarida yake ba. Da aka kira jirginmu Inna ta tsaya sai da ta yi wa matar sallama mai tsawo, sannan a hanya ta ce da shi, ba tare da ta dube shi ba, "Mutanen kirki na. Sai dai a hwaɗa musu su riƙa tayi da wuri."

Da ƙafarta ta hau jirgi, da ƙafarta ta yi ɗawafi, ta yi addu'o'inta duka ba ta bar ko ɗaya ba. Da muka dawo ta riƙa ba matan ƙauyensu labarin cewa ɗanta yana da abokan arziki a Misira, masu gida a cikin filin jirgi, uwar gidan har ƙasa ta durƙusa mata. Labarina da mai tumbi kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba har Allah ya karɓi ranta. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Ni ce dai bakina bai iya riƙe shi ba.

Daga baya na sake shiga irin falon nan tare da Alhaji, na iya ɗaukar faranti ba tare da na gaida kowa ba. Amma abin da wunin nan ya koya mini ya wuce yadda ake amfani da kati. Na gane kati ƙofa kawai yake buɗewa. Akwai mutanen da za ka shigar da su wuri, ka jera musu komai a gabansu, su zauna da yunwa har su faɗi, don ba wanda ya dube su ya ce nasu ne. Shi ya sa yau duk wanda ya shigo gidana, ko mai gyaran famfo ne, ba na ajiye kwano na wuce, ba na kuma aika yaro ya ce wai a ci. Da kaina nake zuwa na tsaya, na kira shi, na ce bismillah, kuma ba na ɗagawa sai na ga ya sa hannu.